Ƙarshen fim ɗin Kaka Dora

Lahadi da dare, Oktoba 1983

Yau na yi karatu da ƙarfi a gaban mutum, kuma ban mutu ba!

Tun ranar da Mama ta aike ni da masa wajen Kaka Dora, tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanmu, fim ɗin da ta ba ni labarinsa yake raina. Na soyayya ne da ban dariya, irin na da can da ba a magana. Mai gyaran agogo yana son 'yar mai otal. Tana yarinya ta gan shi, amma babanta ya janye ta daga silima kafin a gama. Fim ɗin kuma ya ɓace kwata-kwata. Shekara sittin ba ta san ko sun yi aure ba.

Shi ne na rubuta mata ƙarshen. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu!

Da na zo inda saurayin ya tura baffanninsa da goro, sai ta tsayar da ni.

"Su wa ke nan kuma? Shi yana ina?"

Na ce yana gida mana, ai ba ya zuwa da kansa. Ta yi dariya har da hawaye. Duk littattafan da na karanta, durƙusawa ake da zobe, amma na manta. Na fara naɗe takardata.

"A'a, 'yata, ƙarasa. Sun ba shi?"

Na ce sun ba shi.

Ta jingina da kujera, ta lumshe ido. "Na san za su ba shi."