Husaina da Akuyar da Katanga ta Faɗo wa

Madabo, Birnin Kano
Watan Rajab, 1376

Zuwa ga ƙanwata Mabruka a Kumasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ki a ido ba, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Maharazu da yara. Allah ya sa albarka a neman da ya kai ku can, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigidana Malam ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa, surukata Iya 'Yardada kuwa tana nan da ƙarfinta da bakinta.

Lawal mai fataucin goro ya kawo mini saƙonku, cewa tunda farfaɗiya ta kama Husaina, a kai ta ƙauye wurin mai magani ta zauna can, kada ta shafa wa yaran gida. Na san tausayina kuka ji. Amma ke kika haife ta, ni aka kawo wa yaye na riƙe ta har yau, don haka ki bari in faɗa miki abin da idona ya gani kafin ku yanke shawara.

Kin ji labarin katangar da ruwa ya rusa mana da damina, Husaina tana gindinta tana ba jar akuyarmu dusa. Su biyun ta samu a ka, su biyun kuma suka warke, har muka yi sadaka muka manta. To, bayan kaka sai na lura akuyar nan takan tsaya cak tana cikin tuƙa, kunnenta na hagu ya yi ta rawa shi kaɗai, sannan ta ci gaba kamar ba a yi ba. Sannu a hankali rawar ta sauko leɓe, ta kai ƙafa, ranan sai ta faɗi tana shure-shure. Ba a jima ba na ga babban yatsan Husaina na hagu yana irin wannan rawar, tana riƙe da allo. Na bar abin a raina don kada in zama mai mugun baki. Da abin ya kai ta ƙasa, Iya ta hana kowa taɓa ta, ta sa aka ƙona wurin da kara, aka ware mata kwanonta. Mabruka, yarinyar ba ta yi kukan ciwon ba, kukan kwanon ta yi.

Na ji nauyin in gwama ɗiyar mutum da dabba, sai da na tambayi Malam. Ya ce wanda ya halicci kan ɗan Adam shi ya halicci na akuya, kuma lura ba zunubi ba ce. Shi ya kai mu asibiti. Da na ba likita Bature labarin akuyar ta bakin tafinta, na zaci dariya zai yi, sai ya gyara zama ya ce in maimaita. Ya ce rauni kan bar tabo a ƙwaƙwalwa, tabon ya yi ta motsi a ɓoye kafin ya bayyana a gaɓa ɗaya, sannan ya bazu. Wai a ƙasarsu akwai na'urar da ake liƙa wa kai wayoyinta, ta zana motsin a takarda, kuma a jikin dabbobi masana suke koyon hakan. Ban ce na gane duka ba, Allah ne masani. Abin da na riƙe shi ne ya ce ba a ɗauka ta yawu ko ta kwano. Ya ba mu ƙananan ƙwayoyi, ya ce a nisanta ta da murhu da bakin rijiya. Tun da ta fara sha, faɗuwar ta yi nisa da juna ƙwarai. In ta ji yatsan ya soma, takan kira ni ta kwanta a tabarma, in riƙe mata kai ina yi mata addu'a.

Iya ta ce ita maganar likita ba za ta hana ta ƙona wuri ba. Ban yi musu da ita ba, na dai tambaye ta cikin ladabi ko 'ya'yan akuyar da ke tsotsonta akwai wanda ya taɓa faɗuwa, da kuma nonon wace akuya ake dama mata fura da shi tun kaka. Ta ce in tashi in ba ta wuri, wai na fiye ƙwaƙƙwafi kamar alƙali. Washegari ina cin tuwo kwano ɗaya da Husaina, sai ga Iya ta jawo kujera, ta ce miyarta ta yi gishiri, a matsa mata. Ta sa hannu ta ci har da suɗe yatsa.

Don Allah ki roƙar mini maigidanki ya bar mini ita a gida, ki aiko da amsa ta hannun Lawal. Ki gaida shi, ki gaida Sule da Hasana da mai sunan Baba. Malam da Iya suna gaishe ku. Husaina ta ce in gaya miki ta shiga izu na goma, kwanon da aka ware mata kuma akuya ce ke shan ruwa a ciki.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
Zuhra