Wutar da Mama Ba Ta Sha Ba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki?

Kada hankalinka ya tashi, an kwantar da Mama a asibiti, amma da sauƙi. Ciwon sugarta ne ya tashi. Likita ya duba kwalbar allurarta ya ce ta lalace, zafi ya kashe ta. Na rantse masa a firiji muke ajiyewa, sai na ga Mama ta juya fuska bango. Ashe da na fita aiki take zare filogin firijin, ta mayar dab da dawowata. Wai kuɗin wuta ya yi yawa, ba ta so a ce ita ke cinye maka albashi. Ka dai san halinta, mutum na banɗaki take kashe masa ƙwan lantarki. Na yi kuka, Yaya, na kuma ji haushinta, har na rasa wanne ya fi.

Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin naku ya sauka. An sallame mu, Mama har ta fara faɗa, ka san ta warke ke nan.

Kusan wata guda gidan nan yana kulle, komai a kashe, amma takardar kuɗin wuta ta zo daidai da ta watan jiya. Ban ko cire takalmi ba na wuce ofishin kamfanin wuta. Wata mata a wurin ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Mitarmu ta daɗe da mutuwa, ƙiyasi kawai suke mana. Suna duba abin da taransifomar layinmu ta ja, su cire na masu mita, ragowar su raba mana, har da wanda mai walda na bakin titi yake sha. Kuma unguwarmu tana rukunin masu tsada, wai don layinmu ɗaya da masana'anta muna samun wuta sosai. Tsallaken kwalbati farashinsu ƙasa da namu yake. Ta ce rukunin ba a hannunta yake ba, amma mita haƙƙinmu ce.

Da na faɗa wa Mama sai ta ce ashe ranta ta kusa bayarwa don mai walda ya haɗa ƙofofi. Rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu saboda haushi ƙwai ma da rana take kunnawa, ga fanka biyu suna ta juyi a ɗakin da ba kowa. Ni dai na nemi mita, kuma sai sun gaji da ganin fuskata.

A gaida Anti.

Taka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, mun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi.

An kafa mitar, mai kati ce. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Mama ta ɗauko kujera ta dasa a gabanta, tana kallon lamba tana raguwa kamar ana ɗibar jininta. Shekaranjiya na dawo ɗaukar jakata, na tarar da hannunta a bayan firiji. Wai tsintsiya take nema.

Ban yi mata musu ba. Na kashe komai na bar firiji kaɗai, na nuna mata jar wutar mitar tana ƙiftawa a hankali, sai ka gaji da jira. Sannan na jona hitar ruwa, nan take ta hau ƙifce-ƙifce ba tsayawa. Hitar da take dafa mini ruwan wanka da ita kullum da safe ke nan, ni ƙatuwa da ni, tun kafin in tashi. Wannan ba ta taɓa ganin tsadarsa ba, sai na maganinta. Ta ce ai ni aiki nake zuwa, ita me take tsinana wa wani. Maganar nan ta soke ni, Yaya.

Na ba maƙwabciyarmu hitar, ruwan sanyi bai taɓa kashe kowa ba. Na kira mai gyaran wuta ya yanke filogin, ya haɗa wayar firijin kai tsaye cikin bango. Mama ta ce na raina ta, na mai da ita yarinya a gidanta. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata sai dai ta gyaɗa kai.

Na san za ta kira ka ta kai ƙarata. Ka saurare ta, ka ba ta haƙuri, amma kada ka ce in mayar da filogin nan, don ko kai ka faɗa ba zan mayar ba. Ɗazu na yi mata allura, kwalbar da sanyinta. Ta miƙo hannun ba ta dube ni ba, ni kuwa hakan ya ishe ni.

Allah ya bar mana ita.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta