Wandon Abbansu

Daren Talata, Kurmin Mashi

Na gaji tilis. Daga ofis na wuce Babbar Kasuwa da wandon jins na marigayi Abbansu don a rage masa tsayi, na tarar tela ya rufe shago, wai ya tafi Rigachikun ta'aziyya. Gobe Sadiq zai fara aiki a gareji, kuma ya ce wandon mahaifinsa zai sa. Dole na dawo gida in yi da hannu.

Da ya sa, ƙafafun har jan ƙasa suke. Na durƙusa na ja layi da alli, na ɗauko almakashi, sai ya riƙe mini hannu.

"Umma, kar ki yanke. Ki kalmashe ta ciki kawai, wataƙila in ƙara tsayi."

Shekararsa ashirin da uku, ni da shi mun san ya gama tsayi. Na ajiye almakashin.

Allura biyu na karya a wurin haɗin ɗinkin, yatsana har yanzu zogi yake. Kalmasar ta yi kauri, ƙafar hagu ma ta ɗan fi ta dama tsayi. Ya gwada, ya ce ya yi daidai, kuma da shi ya kwanta.