Na Juya wa Taron Baya

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san labarin nan ya iso muku. Tun da Shugaba ya rushe majalisa ya ce babu zaɓe bana, jama'a suka cika dandalin gaban fadarsa suna cewa ya sauka. Ni kuwa kin san inda nake cin abinci: gidan talabijin na gwamnati, da kyamara a kafaɗa.

Shekaranjiya Darakta ya kira ni, ya ce yana son hoton da zai nuna dandalin babu kowa. A aikinmu wannan ba wuya. Sai ka hau sama, ka juya wa taro baya, ka nemi gefen da mutane suka yi ƙaranci, ka bar fili ya cinye rabin hoton. Haka na yi. Na hau rufin wani shago, bayana mutane ba masaka tsinke, gabana wasu tsofaffi suna hutawa a inuwar bishiya. Mu gefen hoto muke tsaro kada wani ya faɗo ciki, ba ma duban fuska. Har daɗi na ji da ya fito tsaf.

Da aka saka shi a labaran yamma, mai karantawa ta ce 'yan tsirarun tsofaffi ne marasa aikin yi da aka ɗauko haya. Sai aka matso da hoton kusa. Yaya, Baba ne a tsakiya. Yana kan kujerar roba, ya cire takalmi ɗaya saboda kumburin ƙafar nan, kwalinsa na zanga-zanga jingine da gwiwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yanzu ban iya taka gida ba. Ki gaya min da wane ido zan dube shi.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya ɗawainiya? Saƙonki ya same ni, zagin da ke ciki kuma na karɓa, na ci bulalata.

Na je kamar yadda kika ce. Ban tarar da Baba ba, sai Inna tana ninke kaya a tsakar gida. Ba ta ce in zauna ba, ni ma ban nema ba. A hanya na shirya cewa ban san yana wurin ba, kuma gaskiya ne, amma ba ta bar ni na kai ƙarshe ba.

Ta ce ni ban gan shi ba, shi ya gan ni. Tun ina hawa rufin ya gane ni. Abokansa sun huta za su koma cikin taro, shi ya tsayar da su. Ya ce ga autansa can, su gyara zama su ɗaga kai, yau duniya za ta ga har tsofaffi sun fito. Don haka suka daɗe a gindin bishiyar nan, har na gama aikina a tsanake.

Na tambaye ta ina ya tafi da wannan ƙafa. Ta ce tun ranar yake bin gidajen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri, domin jikokinsu ma tsokanarsu ake yi a makaranta. Yana ce musu laifinsa ne, shi ya zaunar da su. Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba.

Na jira har ya dawo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni ya aiki. Wallahi Yaya, da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙaninki mai jin kunya,
Auta