Layin Kwanuka a Cikin Kwamfuta

Litinin, 4 ga Nuwamba
Duk ajin sun ɗauka maɓallin da ke kan allon kwamfuta shi ke yin aikin. Ni ma haka na zata a da. Na ce musu su tuna injin niƙan bakin kasuwa: kwanuka a layi, mai inji yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, dawa ya miƙa wa mai niƙa, tattasai ya miƙa wa mai markaɗe. Kowace dannawa kwano ne. Manhaja ta ɗauko shi daga layi, ta duba na wace taga ne, ta miƙa wa wanda aka rubuta don ya karɓe shi. Sakinatu, 'yar aji biyar, har da tafi. Daɗi kamar ya kashe ni.

Laraba, 6
Malam Yahya, shugaban makaranta, ya ce in ba mu nuna wa iyaye abin kirki ranar Alhamis ta sama ba, batirin sola zai koma ofis. Babu batir, babu kulob ɗinmu na kwamfuta.

Asabar, 9
Manhajar koyon haruffa da muka haɗa tana magana! Ka danna Ba, ta ce Ba, da muryar Joyce ƙawar Sakinatu. Don ƙananan yara muka yi ta.

Talata, 12
Matsala. Ana danna harafi sai tagar ta sandare har murya ta ƙare. Joyce ta yi ta dannawa da haushi, can sai ga haruffa suna zubowa a jere, ba mai iya tsayar da su. Na miƙa hannu zan ja kwamfutar gabana kamar kullum, Sakinatu ta dafe ta.
"Malama, ba ke kika ce kwanuka ba? Mai injin ne ya tsaya jiran kwano ɗaya, layi ya taru. Kamata ya yi ya kunna muryar kawai ya koma bakin layi."
Na ce to a gwada. Hannuna sai ƙaiƙayi yake. Na zauna a kansa.

Alhamis, 14
Iyaye sun zo. Wani dattijo daga Dawakin Tofa ya ɗora yatsa ya yi ta dannawa kamar mai sussukar gero. Ko gezau tagar ba ta yi ba. Ya tambayi Joyce yadda aka yi ta shiga ciki alhali ga ta a tsaye. Malam Yahya ya yi dariya har da hawaye. Batir na nan.

Jumma'a, 15
Na makara kaɗan. Na tarar sun fara ba tare da ni ba, Sakinatu tana zana wa 'yan aji uku kwanuka a allo, sun ma fi nawa kyau. Kujerata akwai mutum a kai. Na raɓa kan benci. Ba wani abu, dama ƙafata na ciwo.
Joyce ta turo min linzamin kwamfutar. Wai sun ƙara wani maɓalli da ban sani ba.
"Malama, danna ki gani."