Ƙahonin Gwamna

Asabar, 28 ga Oktoba

Ya dawo! Kyamarar da na ɗaure a bishiya ta kama shi da asuba. Gwamna, tsohon namijin barewar dajinmu, da yagaggen kunnensa. Ƙahoninsa shida gare ni a kan kantar ɗakina, duk shekara in ya zubar ina tsinto ɗaya. Na bara ya fi na bana girma, amma ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Kawu Reino ya ce ranar buɗe farauta zai fara da harbe Gwamna. "Tsohon nan ya gama yayi, Aili. Haƙoransa sun cinye, sanyin bana ba zai bar shi ba. Gara ya shiga tukunya." Na sunkuyar da kai, kamar kullum. Kaka Toivo ne ya ce min, "Farfesa, kawo hoton da ke nuna har yanzu yana bin mata, a ƙyale shi." Saura kwana goma sha ɗaya a buɗe farautar.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ba komai. Sai wani matashin namijin barewa mai kaurin wuya yana ta kankare bishiyoyin Gwamna da ƙaho. Na tsane shi.

Talata, 14 ga Nuwamba

NA SAMU! Ga wata mace a gaba, ga Gwamna a bayanta, matashin can nesa yana kallo. Na kai hoton bukkar mafarauta, maza tara suna shan kofi. Na yi bayani har ƙarshe. Kaka ya bugi tebur: "Kun gani? Mu tsofaffi ba a yi mana gaggawa!" Kawu ya ce, "Ji shi, wanda ba ya iya ɗaure takalminsa." An ƙyale Gwamna!

Asabar, 20 ga Janairu

Ƙanƙara har gwiwa. Haƙarƙarin Gwamna duk a waje. Malamar kimiyya ta ce namiji ba ya tsayawa cin abinci lokacin bin mata, tsoho kuma da wuya ya mayar da jikinsa. Da ma ban tambaya ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Ni da Kawu muka sami Gwamna a gindin itatuwan fadama. Ƙashi da gashi. Turamen haƙoransa sun lallashe har dasashi; Kawu ya ce ya kai shekara goma. Na jira ya ce ai ya faɗa. Sai kawai ya cire hularsa, ya miƙo min muƙamuƙin.

Lahadi, 2 ga Yuni

Macen nan ta fito da tagwaye, ƙafafu kamar tsinke! Kawu ya ce na matashin ne. Na yi masa musu da ƙarfi a gaban kowa, har Kaka ya ƙware da kofi. Gaskiya ban sani ba.

Na mayar da kyamarar hanyar da matashin ke bi. Don lissafi kawai. Na kuma matsar da ƙahonin Gwamna kaɗan a kan kantar, ko za a buƙaci wuri.