Makarantar da Ba Wanda Ya Zaɓa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Gara ki ji daga bakina. Ƙungiyarmu ta iyaye ta kai koke ofishin ilimi, kuma sunana ne a sama. Muna so a riƙa gwada malamai, a kuma bar kowa ya kai ɗansa makarantar da ya ga dama, ba sai ta unguwarsa ba. Na san ke ce shugabar makarantar unguwar tamu, wallahi ba da ke muke ba. Amma 'yarki tana aji huɗu, jiya na miƙa mata kwalin magani ta karanta mini, sai ta tsaya tana kallona.

Ƙanwarki, Auta

Auta,

Ina amsawa. Na hango ki ta tagar ofis ranar zanga-zangarku, kina ihu kamar ba ke ce mai tsoron kaza ba. Ajin 'yar taki yara saba'in ne, benci goma sha ɗaya. Malaminsu ya bar aiki tun bara, ni nake shiga in na samu sarari. Ku gwada mu, ba mu ƙi ba. Sai dai masu tafiya su ne 'ya'yan masu baki irinki. Ɗan mai wanki, wa zai cika masa takarda?

Ki gaida maigidan.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, ki yafe shirun. Wata goma sha huɗu muna zarya, muryata har ta dushe, mu sittin muka fara, mu tara muka rage. An yarda da zaɓin, gwajin malamai kuwa an ce sai an duba. Makarantar tsallaken titi gurbi arba'in gare ta, mutum ɗari uku suka nema. 'Yarki ta samu. Saura sa hannunki a takardar canjin makaranta. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarku ina juyawa, shi ya sa na haɗo takardar da wannan. Ban ji daɗin da na zata ba.

Taki, Auta

Auta,

Na sa hannu. Ko ni ce haka zan yi, kar ki zauna kina cin ranki. Ki riƙa tsallakar da ita da kanki, motocin wurin ba sa tsayawa.

In ku taran kuna da sauran numfashi, mu muna nan inda kika bar mu.

Ki huta lafiya.
Yayarki